Kalli-nan Ya Sauya Sana'a

A layinmu babu wanda yake kiran Yayana da sunansa. Kalli-nan ake ce masa, domin abin da yake faɗa ke nan duk sanda ya sa ido a kyamara: "Kalli nan, ɗan ɗaga haɓa, yauwa." Yara ne suka laƙa masa tun yana saurayi, manya suka ɗauka, har Umma ma in ta so tsokanarsa haka take kiransa. Shi ne babba a ɗakinmu, ni ce auta, kuma tun da na yi wayo ban san shi da wata sana'a ba sai ɗaukar hoto.

Shagon na Baba ne. Ɗaki ne dogo marar taga, tsakanin wani kemis da mai gyaran takalma. Daga ƙofa akwai benci da akwatin gilashi cike da hotunan da rana ta cinye launinsu. Daga ciki labule uku ne: fari, shuɗi, da wani da aka zana masa gidan bene da furanni, wanda rabin mutanen unguwa suka taɓa tsayawa a gabansa kamar nasu ne. Akwai fitilu biyu masu laima, da madubi, da mataji, da wata baƙar kwat a rataye don wanda ya zo ɗaukar fasfo da rigar da ba ta dace ba. A nan Yaya ya girma. Da Baba ya rasu bai sake komai ba, sai kwamfuta da injin wanke hoto da ya ƙara.

Kasuwar ba rana ɗaya ta mutu ba. 'Yan matan da kan zo da kaya kala uku a jaka su ne suka fara ɗauke ƙafa. Daga nan masu jarirai. Kowa ya samu waya mai ɗaukar hoto, kowa ya zama mai hoton kansa. In an gayyace shi taro, sai ya tarar da hannuwa ashirin a gabansa, kowanne riƙe da waya. Abin da ya rage masa shi ne fasfo, shi ma jefi-jefi. Yakan buɗe shago da safe, ya share, ya goge gilashi, ya zauna. Yana dab da shekara arba'in, da 'ya'ya mata biyu, matarsa kuma, wadda muke kira Anti, nas ce a wani asibiti, kuma a hankali nauyin gidan ya koma wuyanta ba tare da an zauna an yi shawarar hakan ba.

Wata rana wata dattijuwa ta shigo tana dogara sanda. Ta ce mijinta ya rasu, kuma hoto ɗaya tak suke da shi su biyu tare, a shagon nan aka ɗauka. Ruwa ya shiga ɗakinta ya lalata wanda ke hannunta.

"Wace shekara ce, Mama?" in ji Yaya.

"Shekarar da autana ya gama makaranta."

"To wace shekara ke nan?"

"Kai ɗan nan, da na riƙe ai da na faɗa maka."

Yaya ba ya zubar da hoto. Duk abin da ya ɗauka tun da ya daina amfani da kyamarar fim yana nan a cikin 'yan akwatunan ajiya da ake jona wa kwamfuta, dubbai a kan dubbai, kuma babu mai suna sai lambar da kyamara ta ba shi. Ya yi wa matar alkawari, ya zauna yana buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Kwanaki yana wannan aikin har idonsa ya fara ruwa.

Yana cikin haka wani mutum ya zo ɗaukar fasfo. Yana jiran a wanke masa, sai ya leƙo allon kwamfutar.

"Malam, haka kake buɗe su da ɗai-ɗai?"

"To da yaya zan yi?"

Mutumin ya nemi izini ya ja kujera. Ya buɗe wani baƙin shafi, ya rubuta 'yan layuka da ba su kai tsawon tafin hannu ba, ya danna. Yaya yana kallo hotunan suka fara rarraba kansu, kowanne yana shiga shekararsa da watansa.

"Kyamara tana ajiye ranar da ta ɗauki kowane hoto a cikinsa," in ji mutumin. "Cewa kawai na yi ta duba ranar, ta kai shi inda ya dace."

Ya rubuta masa sunan yaren kwamfutar da ya yi amfani da shi da inda ake koyar da shi kyauta a intanet, ya karɓi fasfonsa ya tafi. Bai sake dawowa ba, ko sunansa Yaya bai tambaya ba. Washegari aka samu hoton dattijuwar, ita a zaune, mijin a tsaye ya dafa kafaɗarta, gidan bene a bayansu.

Daga baya Yaya ya gaya mini ba saurin abin ne ya tsaya masa a rai ba. Ya ce shekara da shekaru yana zaune gaban kwamfutar nan yana danna abin da wasu suka tanadar masa, bai taɓa sanin ana iya yi mata magana ta ji ba. Layukan da mutumin ya bari suna nan a allon, ya yi ta karanta su, bai gane ba, amma ya ga alamar abu ne da mutum zai iya ganewa.

Ya fara bin darussan da rana tsaka, lokacin da shago ya fi yin shiru. Turancinsa na sakandare ne, masu koyarwar kuma suna magana kamar ana korarsu, sai ya riƙa tsayar da bidiyon, ya koma baya, ya sake ji. Waƙafi ɗaya in ya ɓata, komai ya tsaya, ya yini yana nema. Mai gyaran takalma yakan leƙo ya gan shi ya ƙura wa allo ido, ya ce, "Kalli-nan, yau kuma kai aka ce wa kalli nan?"

Da ya ɗan fara jin hannunsa ya faɗa, sai ya ce bari ya rubuta nasa, wanda zai sa wa hotuna suna mai ma'ana. Ya rubuta, ya danna, abin ya gama cikin ƙiftawar ido. Da ya buɗe, hotunan shekara guda cur sun zama hoto ɗaya. Abin da ya rubuta ya ba su duka suna iri ɗaya, kowanne ya hau kan na gabansa ya shafe shi, kuma ba shi da kwafi a wani wuri. Taron mutane, jarirai, tsofaffin da wasunsu ba sa duniya, duk sun tafi. Anti ta ce ranar ko abinci bai taɓa ba. Ya rufe kwamfutar da ƙyalle, ya fi mako bai ɗaga ba. Abin da ya mayar da shi, in ji shi, ba ƙarfin hali ba ne. So yake ya san wane layi ne ya yi masa wannan ɓarnar. Ya bi su a hankali har ya same shi, layi ɗaya ne, gajere. Tun daga ranar ba ya gwada komai sai a kan kwafi.

A haka aka shekara, aka shiga ta biyu. Ya haɗa wata 'yar manhaja da za ka sa lambar wayar mutum ta fito maka da duk hotunansa. Mai kemis ya gani ya ce shi ma a yi masa wadda za ta riƙa tuna masa magungunan da suka kusa lalacewa, Yaya ya yi masa. Amma duk wannan ba ya cika tukunya.

Ina gidansu ranar da Anti ta yi magana. Ta dawo daga aiki ko farin kayanta ba ta cire ba, ta zauna ta zare takalmi tana matsa ƙafa. Yaya ya shigo bayanta.

"Abban yara, yau ma maƙwabciya ce ta ɗauko su daga makaranta."

"Wallahi shagala na yi. Wani abu ne ya ƙi yi, ina ta..."

"Kullum akwai abin da yake ƙin yi." Ba ta ɗaga murya ba. "Ni ban ce ka bari ba. Amma ina ɗauke da gidan nan ban san inda za mu sauke ba. Rage zaman banza kake yi, ko aiki kake nema da abin nan? In aiki ne, ka faɗa da bakinka, in san abin da nake wa haƙuri."

Na so in tashi in ba su wuri, amma ban tashi ba. Na gane a lokacin cewa Yaya bai taɓa furta maganar ba, ko ga kansa, don kunya yake ji a ce mutum mai furfura a gefen kai yana son ya fara daga inda yara suke farawa.

"Aiki nake so," ya ce.

"To ka nema," in ji ta, ta miƙe ta shiga ɗaki.

Ya fara tura takardun neman aiki. Yawancin wuraren ko amsa ba sa yi. Waɗanda suka amsa sukan ce suna son mai digiri, ko wanda ya taɓa aiki a wani wuri. Intabiyu ta farko da ya samu ta bidiyo aka yi, da wasu samari biyu. Suka ba shi wata tambaya suka ce ya rubuta amsar suna kallo. Ya san abin, ya taɓa yin irinsa, amma kansa ya zama fayau. Ya yi ta rubutawa yana gogewa har suka ce sun gode.

"Auta," ya ce mini bayan nan, "shekara nawa ina ce wa mutane su saki jiki a kan kujerar nan, ina jin haushin masu sandarewa. Ashe haka suke ji."

Aka yi ta biyu, aka yi ta uku, babu labari. Akwai lokacin da ya daina ba mu labarin ma, sai dai mu ga ya goge riga da safe mu gane.

Sai wani ƙaramin kamfani da ke yi wa masu kai saƙon kaya manhaja ya kira shi. Ofishinsu ɗaki ne babba a saman wani shagon tayil: dogon tebur, wayoyin wuta ko'ina, farin allo a bango cike da zane-zane. Shugabar sashen wata matashiya ce mai tabarau, marar yawan magana, wadda a shekaru ba ta kai ni ba. Ba ta ba shi tambayar jarrabawa ba. Ta ce ya nuna mata abin da ya taɓa haɗawa wanda wani yake amfani da shi. Ya buɗe manhajar mai kemis. Ta ja kwamfutar gabanta, ta shigar da wani magani, a wajen ranar lalacewa ta rubuta talatin ga Fabrairu. Allon ya cika da jan rubutu, komai ya tsaya.

Yaya ya ce ya ji kansa ya fara zama fayau kamar wancan karon. Sai kawai bakinsa ya ce, "To, kin kama ni."

Ta ɗan murmusa. Wannan ya ba shi numfashi. Ya jawo kwamfutar ya fara karanta jan rubutun da ƙarfi, yana faɗin abin da yake zato da abin da zai duba, kamar yadda ya saba yi shi kaɗai a shago. Ya yi kuskuren wuri sau ɗaya, ya dawo, ya gano inda matsalar take. Ya fara gyarawa ke nan ta duba agogo ta ce lokaci ya yi.

Bayan 'yan kwanaki saƙo ya zo cewa sun ɗauki wani. Wannan ta fi sauran yi masa ciwo, don ya sa rai. Ya koma shago, ya gyara matsalar ranar duk da babu wanda ya sa shi, ya ci gaba da ɗaukar fasfo.

Wajen wata biyu bayan nan wayarsa ta yi ƙara yana tsakiyar yanka hoto. Matashiyar ce. Ba ta yi kwana-kwana ba: wanda suka ɗauka ya samu wani wuri ya tafi, in har yanzu yana so, za su gwada shi na 'yan watanni, in ya yi su riƙe shi. Da ya zo gaya mana yana dariya ya ce, "Ni ne ragowar da aka tuna da ita." Anti ta ce, "Ragowar ma ai ci ake yi," ta juya tana share ido da gefen mayafi.

Saura shago. Ba zai yiwu ya haɗa biyu ba, kuma babu wanda zai bar wa. Ya ɗauke ni muka je wajen Umma tare, wai in taya shi. Muka same ta tana ninke wanki. Ya zauna a ƙasa kusa da ƙafarta, ya yi ta zagaye-zagaye kafin ya fito da maganar. Ta ci gaba da ninkinta har ya gama.

"Shi ya sa ka zo da 'yar rakiya?" ta ce. "Lokacin da na auri babanku, keken ɗinki ne a ɗakinsa. Tela ne, kuma gwani. Ranar da ya sayar da keken ya sayo kyamara, kakanku ya yi wata guda ba ya amsa gaisuwarsa."

Ni ban taɓa jin wannan ba. Yaya ma baki buɗe yake kallonta.

"Bai taɓa faɗa mini ba."

"Me zai faɗa? Ya samu abin da yake so, ya manta da wancan." Ta ajiye zanin da ke hannunta. "To shi wannan aikin naka, in an tambaye ni me ɗana yake yi, me zan ce?"

Ya fara bayani, wai kamar mutum ne yake rubuta wa na'ura umarni dalla-dalla. Ta ɗaga masa hannu.

"Zan ce kana ofis. Allah ya sa albarka. Amma labulen nan mai bene, kada ka sayar, ka kawo mini."

Ranar da aka kwashe kayan ba ta je ba, kuma ba ta bari an yi zancen a gabanta ba. Mai gyaran takalma ne ya taya shi sauke fitilu, yana ta zolaya har aka zo ɗaukar benci, a nan zolayar ta ƙare masa.

A ofis Yaya ya girmi kowa, har mai kamfanin. Kwana biyu da zuwansa suka laƙa masa Kawu. Aikin farko da aka ba shi ƙarami ne: wani lokaci saƙon da ke gaya wa mutum kayansa sun iso yakan je sau biyu, a gano dalili. Ya buɗe manhajar kamfanin ya ga ba irin 'yan abubuwansa na shago ba ce. Rubutun mutane da yawa ne na shekaru, wani a kan wani, bai ma san ta ina zai shiga ba. Ya yini bai ce uffan ba. Washegari ma haka. Na gefensa suna ta hira da wasu kalmomi da bai taɓa ji ba, shi kuwa yana gyaɗa kai kamar yana bi.

Shugabar ta jawo kujera ta zauna kusa da shi.

"Kawu, ina aka kwana?"

"Ina kai, ranki ya daɗe."

"Nuna mini inda ka kai."

Bai kai ko'ina ba, ta kuma gani. Ta rage murya yadda sauran ba za su ji ba. "Ba don ka san komai muka kira ka ba. Na kira ka ne don ranar nan da abu ya fashe a gabanka, ka yi magana. Yanzu kuma ka yi shiru. In ka maƙale, ka tambaya. Shirun ya fi tambayar tsada a wajenmu."

Ya ce mata gaskiya, da nauyi mutum ya yi ta tambayar ƙannen bayansa. Ta ce su ma da nauyi su gyara wa babba, sai kowa ya daure. Ta nuna masa bakin zaren, ya bi, ya gano wuri biyu ne suke tura saƙon ba tare da ɗaya ya san da ɗaya ba. Ya gyara ya miƙa. Aikin ya dawo masa da gyare-gyare fiye da layukan da ya rubuta. Ya sake gyarawa, aikin ya sake dawowa. A karo na uku aka karɓa, aka sa shi cikin manhajar da mutane ke amfani da ita. Babu wanda ya tafa, babu wanda ya ma lura a waje. Saƙo dai ya daina zuwa sau biyu. Ya ce mini irin aikin ke nan, ba a ganinsa sai ranar da ya lalace.

Da watannin gwajin suka cika suka riƙe shi. Ba shi ne mafi sauri ba, har yau, kuma ya sani. Amma yanzu yana tambaya har sai an gaji da shi, kuma in abu ya fita daga hannunsa ba kasafai yake dawowa ba.

Kwanan baya na bi ta wajen ofishinsu lokacin hutun rana, ya sauko muka zauna a wata 'yar rumfar shayi da ke tsallaken titi. Ya ɗan rame, ya fara sa tabarau. Na ce, "Yaya, tsakaninka da Allah, kana jin daɗin aikin nan?"

Ya juya cokali a kofi.

"Wata rana nakan koma gida ina jin ban san komai ba, kamar an yi kuskure aka ɗauke ni. Washegari abin ya buɗe, in ji kamar in fita titi in tare mutane in gaya musu. Kafin a tashi kuma wani ya sake rufewa."

"To wannan daɗi ne ko wahala?"

"Ban gama rarrabewa ba tukuna."

Ya shanye shayin ya duba waya. Ya ce sun ɗauki wata sabuwa a makon nan, da can malamar makaranta ce, kuma tun safe take zaune gaban allo ba ta ce wa kowa komai ba.

"Bari in je in ja kujera kusa da ita," ya ce. "Ki gaida mini yara."

Ya tsallaka titi a hankali, ya tsaya wata mota ta wuce, sannan ya hau matattakalar.